Gandiroban Tremaine

Compton, California

Zuwa ga Yaya Cleophus,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Odessa. Ubangiji ya sassauta maka ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau, in ban da kunnuwana, don ɗana Tremaine ya mai da garejina gidan kiɗa.

Yaya, nemi kujera ka zauna. Yaron nan da ko kyankyaso ya gani sai ya ƙwala mini kira, yanzu mawaƙin rap ne, irin na 'yan daba, wai sunansa Baƙin Ƙarfe. Waƙarsa da ta karaɗe unguwa cewa take ya yi shekara biyu a kurkuku, a hannun wani gandiroba mara imani. Na kasa kunne: tashin asuba, wankin ɗakin aladu, wake safe da yamma. Kai! Ashe zaman da ya yi a gonarka ta Louisiana ne. Gandiroban kuwa kai ne.

Na sha dariya har da hawaye, sai da ya ce mini kamfanin faifai zai ɗauke shi, amma za su turo mutum ya bincika tarihinsa. Wai a sana'arsu wanda bai taɓa shiga kurkuku ba, ba mai sauraronsa. In asiri ya tonu, dole ya shiga da gaske, har abokansa sun nuna masa kantin da za su fasa. Nan dariyata ta tsaya. Tsoro ya kama ni, Yaya, don na san iyayen da 'ya'yansu suka tafi haka.

Da mutumin ya zo, ni da nake jan waƙa a coci na dafa ƙirji na zuba ƙarya tiryan-tiryan. Na ce can aka karya masa haƙori, ban dai ce akuyarka ce ta tunkuye shi ba. Baki ya ɗebe ni, na ce gandiroban ya yi ritaya, har na ba da lambar wayarka.

To, in ya bugo, don Allah kada ka ce yaron kirki ne. Yi wa mutumin irin tsawar da kake yi mana muna yara. Na gwammace in amsa laifin ƙaryar nan gaban Ubangiji, da in riƙa gaisawa da ɗana ta bayan gilashin ɗakin ziyara a kurkuku.

Ka gaishe da Odessa da Kawu Lucius. Fursunanka ma yana gaisuwa.

Ƙanwarka,
Lavonne