Inda Munduwarki Ta Daɗe

Zuwa ga mahaifiyata, wadda ke kwance a maƙabartar Bagudo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ɗiya ke yi wa uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na rubuto miki ne a kan wani hoto. Na san ba za ki karanta ba. Ko da kina raye ma sai dai a karanta miki, ke kuma ki kau da kai kamar ba da ke ake ba. Masu bibiyata a wannan shafi su ne za su karanta, kuma na yarda su ji, domin shekara shida ke nan ina riƙe da maganar nan ni kaɗai, ta ishe ni.

Ban taɓa ce miki Inna ba. Yaya nake ce miki, saboda haka na tashi na ji ƙanenki Kawu Bawa yana kiranki lokacin da yake zaune a gidanmu, kuma ba wanda ya gyara mini. Ni ce ɗiyar fari. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa. Kunya ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, ɗakin da ke kallon naki.

Daga ƙofar ɗakin nan na yi ta kallonki. Ina ganin ƙannena a cinyarki kina yi musu kitso, ni kuwa maƙwabciya ke yi mini nawa. In na matso kusa, abin da za ki ce bai wuce, “Ke wagga, matsa ki ba mutane wuri.”

Ranar da na zo ta ɗaya a aji huɗu, da gudu na shigo gida da takardar a hannu. Kina sheƙar shinkafa a tsakar gida. Ba ki ɗago ba. Kika ce wa Kaka a faɗa wa yarinyar nan ta tuɓe kayan makaranta kafin ta ɓata su.

Kin san ni da naci da tsayayyen baki. Da na haifi ɗiyata ta fari na zo wankan jego, wata rana muka rage mu biyu a ɗaki, na tambaye ki ko kin taɓa sona. Kika dube ni, duban da ban taɓa samu daga gare ki ba, kika ce, “Ba ki da kunya.” Kika ɗauki ƙwaryarki kika fita. Ni kuma na ɗauki wannan a matsayin amsa.

Daga nan na rage zuwa gida. Da aka mayar da ni koyarwa Kamba sai na samu hujja. Lokacin da ciwonki ya yi tsanani sau biyu ana aiko mini, sau biyu ina cewa yara na jarrabawa, sai an gama. Na iso na tarar maza sun dawo daga maƙabarta suna wanke hannu a ƙofar gida. Ban yi kuka ba ranar, har mata suna yaba mini tawakkali. Wallahi ba tawakkali ba ne. Fushi ne, kuma na ci gaba da ɗauke da shi har na dawo aiki Bagudo.

Yanzu bari in faɗa miki yadda taurari suka shigo maganar.

Kin tuna Baba Foto, Bayaraben nan mai ɗaukar hoto da ya zo garin nan tun kafin a haife ni? Ya rasu, ɗansa Sunday ke riƙe da shagon. A nan aka haife shi, Hausarsa har ta fi ta wasunmu. Bara na shiga wurinsa ɗaukar fasfo na tantance malamai, sai na ga wani hoto a bango: giginya guda a tsaye baƙa ƙirin, a bayanta sama cike da fararen layuka sun yi zobe a cikin zobe. Na ce masa wane ne ya zauna ya yi wannan zane. Ya yi dariya, ya ce taurari ne, shi ya ɗauka a bakin kogi. Ya kafa kyamara ta fuskanci arewa, ya bar idonta a buɗe fiye da awa guda. Duniya tana juyawa da kyamarar a kanta, don haka kowane tauraro ya ja layi a jikin hoton.

Shekara ashirin ina faɗa wa yara duniya tana juyawa, har da bulala ga wanda ya manta, amma ranar na fara ganin abin da idona. Na ji kunyar kaina ƙwarai.

Tun daga ranar abin ya kama ni. Na shiga neman hotunan sararin sama a waya, matar da ta kusa aurar da ɗiya ta uku tana zaune tana leƙen taurari har tuwo ya kama. Na ga Kaza da ’Ya’yanta, waɗanda kike nuna wa ƙannena ina saurare daga ƙofar Kaka. Mu shida muke ƙirgawa, mai kaifin ido ya ce bakwai, ashe a hoto ɗaruruwa ne. Na ga wasu gizagizai na ƙura da iska, ja da ruwan zinariya, inda aka ce a cikinsu sababbin taurari ke samuwa. Na koma wurin Sunday na ce ya faɗa mini gaskiya, wannan kyau haka ba ƙaryar kwamfuta ba ce?

Ya ce a’a. Hasken da ke zuwa daga can kaɗan ne ƙwarai, ido ba ya kama shi. Sai a saita babban madubin hangen nesa a wuri guda, ya yi ta tara hasken na tsawon sa’o’i, kamar yadda kike ajiye kwano ƙarƙashin indararo in ana yayyafi, ɗigo-ɗigo har ya cika. Wani hasken ma idon mutum ba ya ganin irinsa sam, sai masu binciken su ba shi launi don mu gani. Launin nasu ne, amma ba sa ƙara tauraron da haskensa bai iso ba. Ya kuma faɗa mini wata ƙa’ida da na rubuta a bayan littafin darasina: in idon kyamara yana buɗe, abu mai haske ya motsa, zai bar layi, kuma inda ya fi daɗewa nan layin ya fi fari.

Da damina aka ce Kawu Bawa ba shi da lafiya. Kin san tun bayan aurensa ya ƙetare Sagbana ta ƙasar Benin yana noman auduga. Na hau mota zuwa Tsamiya, daga nan ɗan kabu-kabu ya ƙetarar da ni a babur. Na same shi da sauƙi. Muna hira na ce masa abin da ke damuna shi ne fuskarki ta fara ɓace mini, ga shi ba mu da hotonki ko ɗaya, tunda kin ƙi yarda a ɗauke ki har kika koma ga Allah. Ya sa aka jawo masa akwatin ƙarfensa, ya ciro wani hoto da ya yi jaja-jaja don tsufa, da hatimin Baba Foto a bayansa.

Hoton bikinsa ne, a tsakar gidanmu. Ga Baba, ga Kaka a zaune a kujera, ga dangi a jere. Ga ni a gefen Kaka, ban fi shekara uku ba, an kifa turmi an tsayar da ni a kai don in fito, da farar riga. Kowa ya fito sarai. A bayana, inda ya kamata a ce ke ce, sai wani hazo-hazo mai siffar mutum, ba ido ba hanci. Ga kuma wani farin layi ya ratsa wurin, kamar an karce takardar da ƙusa.

Kawu ya nuna hazon da yatsa yana dariya, ya ce, “Ga Yaya nan. An tsai da ke gabanta, kunya ta sa ta guje ma hoton.” Ya ce an daɗe ana yi miki tsiya da wannan a gida. Na taya shi dariya, amma a kan kabu-kabu ina dawowa zuciyata ta yi baƙi. Na ce ashe ko a takarda ba ki yarda a gan mu tare ba.

Na kai wa Sunday hoton na roƙe shi abu biyu: ya goge karcen, ya fito mini da fuskarki. Ya ce fuska kam kwamfuta za ta iya ƙera mini wata, mai kyau ma, amma ba taki ba ce, don hasken fuskarki bai zauna a takardar ba. Sai ya shafa layin da yatsa, ya karkata hoton ta wajen taga, ya ce wannan ba karce ba ne, takardar lafiyarta ƙalau, layin a cikin hoton yake. Ya sa shi a na’ura ya faɗaɗa a kwamfuta, ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambaye ni ko kina sa wani abu mai ƙyalli a hannu.

Munduwarki ta azurfa, ta hannun dama. Har yau ina jin ƙararta a jikin taɓarya.

Ya ce tsohuwar kyamarar babansa tana bukatar haske sosai, kuma da ganin hoton ranar akwai hadari. In haka ta faru sai tsohon ya bar idon kyamarar a buɗe ya yi ’yar ƙirga, ya ce kada kowa ya motsa. Kowa ya tsaya cak, ke kaɗai kika motsa, munduwar ta ja layi kamar taurarin bakin kogi. Ya bi layin da bakin biro yana nuna mini. Daga wajen ƙirjinki siriri ne, dishi-dishi. Ya gangaro, ya lanƙwasa. Bai nufi ƙofar ɗaki ba, inda mai gudu zai nufa. Ya zo ya ƙare a kwiɓina, ƙarƙashin hammatata, a wani ɗigo fari tas da ya fi komai haske a hoton. Ya ƙara faɗaɗawa. A gefen ɗigon, a kan farar rigata, ga inuwar yatsu uku.

Na tambaye shi, miƙo hannun kika yi ko janyewa kika yi. Ya ce wannan kam ba zai iya sani ba. “Malama, hoto bai san abin da ke zuciya ba. Inda haske ya daɗe kaɗai ya sani, kuma a nan ya daɗe.”

Na zauna a kan bencin da yake zaunar da masu fasfo. Kukan da ban yi ba shekara shida, a shagon nan na yi shi, har bawan Allah ya fita ya ja mini ƙofa.

Kifaffen turmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ya zama daram, ko ni na sani. Ga surukarki a zaune, ga dangin miji, ga baƙi. Amma an ce kowa ya kalli kyamara, kuma kowa ya kalla. Lokaci ɗaya ke nan da idon gidan gaba ɗaya yake wani wuri, sai kika sunkuya ta bayan kafaɗar Kaka kika riƙe ni. Fuskar da nake ta nema, a wurin riƙe ni ta ɓace. Suka ce kin gudu, kika bar su a kan haka shekara da shekaru, don gara a yi miki dariya da a ce an kama ki kina tattalin ɗiyar fari.

Tun ranar nake ta tuna abubuwa. Ƙuli-ƙuli da garin da nake tararwa a ƙasan akwatina duk lokacin komawa makarantar kwana, Kaka nake yi wa godiya, ita kuma ta ce ba komai. Alhali a wancan lokacin hannun Kaka rawa yake yi, ko zare ba ta iya sa wa allura. Ban sani ba ko ke ce kike sa su, kuma ba wanda zan tambaya, ta riga ki tafiya.

Da na tambaye ki a ɗakin jego, me nake so ki ce? Na nemi ki faɗi abin da ke ma ba a taɓa faɗa miki ba, da bakin da aka hore shi tun yana ƙarami ya yi shiru. Kika ba ni amsar da kike da ita, na hukunta ki a kanta. An aiko sau biyu. Jarrabawar nan da wani malamin ya tsare mini ita, ba abin da zai ragu. Wannan ba hoton da zai gyara mini shi, kuma ba na neman ya gyaru. Gafararki nake nema.

Na ce wa Sunday ya bar layin yadda yake. Ya wanke mini babba, na rataye a ɗakina.

Sai kuma wani abu da zai ba ki haushi. Ɗiyata ta fari, wadda na zo jegonta, tana aure a Birnin Kebbi. Na lura ni ma “waccan” nake ce mata, ni da nake ganin na yi boko. Shekaranjiya na buga mata waya, tana ɗauka na ce, “Zainabu.” Sai ta tambaya a tsorace ko rasuwa aka yi. Na ce ba wanda ya rasu, kiranta kawai na yi. Na san da kina nan za ki ce ba ni da kunya. Na karɓa.

Ya Allah, Kai da Ka san adadin taurarin da ido ke gani da waɗanda ba ya gani, Ka san abin da baiwarKa ta ɓoye. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka riƙe ta ranar da ƙafafu ke zamewa, yadda ta riƙe ni ina ƙarama. Ka yafe mini jinkirin da na yi, Ka haɗa mu a Aljanna, in ga fuskarta sarai. Amin.

Ki yafe mini, Inna.

Ɗiyarki ta fari,
Balkisu