A Cire Sunan Ƙanena Daga Bakin Mai Fassara

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Masu Gidajen Kallo da Masu Tura Finafinai a Waya, shiyyar Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan Alhaji yana lafiya, da iyali, da jama'ar da Allah ya ɗora masa jagorancinsu. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina ta daji da ta hana mu noma, ta hana mu sukuni.

Sunana Sa'adatu. Malamar firamare ce ni a nan Ƙaura har na yi ritaya, kuma ba halina ba ne in fito da sirrin gidanmu bainar jama'a. Na je ofishinka ƙafa da ƙafa, aka ce ka tafi Gusau. Na koma, aka ce kana ciki kana taro, na zauna a benci har aka kira la'asar, ashe ta ƙofar baya ka fice. To, tunda ƙofar gaba ba ta kai mutum wurinka, bari in biyo ta kasuwa da wannan buɗaɗɗiyar takarda.

1. Wanda nake magana a kansa

Ƙanena ne, Lawwali, uwa ɗaya uba ɗaya. Duk wanda ya taɓa cin abinci a bakin tashar Ƙaura ya san shi, sai dai da sunan Delu mai tuwo. Ɗan daudu ne. Na faɗa da bakina don kada wani ya ce na ɓoye. Tun yana ƙarami yake ɗaura zani, yake maƙale a madafa, kuma da ya girma bai sauya ba. Mahaifinmu malami ne mai karantar da littattafai a zaure. Ya yi faɗa, ya yi duka, ya yi addu'a, har Allah ya karɓi ransa. Ni ma na yi nawa faɗan, har gobe muna yi. Saboda haka kada kowa ya wahalar da kansa ya aiko mini da wa'azi, a gidan wa'azi aka yanke mini cibiya. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kuma tun da 'yan bindiga suka raba mu da gonarmu ta Kurya, tukunyar Lawwali ce ke ciyar da tsohuwarmu, ba ɗan fanshona ba.

2. Abin da ɗan ƙungiyarka ya aikata

Alhaji, ka fi ni sanin yadda sana'arku take. Ana samo fim ɗin wata ƙasa, mai fassara ya zauna gaban na'urarsa ya ɗora muryarsa da Hausa, sannan a haska a gidan kallo, a tura wa mutane a waya. Akwai kuma al'adar da masu fassarar garin nan suka ɗauko, ta raɗa wa mutanen cikin fim sunayen mutanen gari. In ƙato ya fito, sai a kira shi da sunan mahaucin unguwa. In marowaci ne, sai a ba shi sunan wani mai shago. Ana dariya, har wasu kan bi mai fassara suna roƙo a sa su. Ban taɓa ganin aibin abin ba.

Bayan Ƙaramar Sallah, wani mai fassara a ƙarƙashinka, Murtala, ya samo fim a kan wani da aka haifa namiji amma yake rayuwa a matsayin mace, wanda a ƙarshe wasu samari suka tare shi suka kashe. Murtala ya duba duk faɗin Ƙaura, bai ga sunan da zai ba wannan mutum ba sai Delu mai tuwo. Bai tsaya nan ba, sai da ya faɗi inda rumfarsa take, gefen masu faci, kamar mai yi wa baƙo kwatance.

3. Abin da na gani da idona

Ban yarda da jita-jita ba, na karɓi wayar wata maƙwabciyata na kalla. Da aka zo wurin dukan, Murtala na ta zuba barkwanci, yana ƙirga sanduna kamar mai sharhin ƙwallo, yana cewa haka ake yi wa irinsu. Na kasa jurewa, na kashe sautin, na koma baya na sake kallo shiru.

Wallahi Alhaji, fim biyu ne. Wanda ba shi da muryar Murtala, mutum ne kawai a ƙasa, ya kare kansa da hannuwa, yana duban fuskokin da suka kewaye shi ko zai ga ɗaya da ya sani. Daga baya aka nuna wata dattijuwa, na ɗauka uwarsa ce, an kai ta ta ga gawa. Ba ta yi kururuwa ba, gyara masa wuyan riga kawai ta yi. Ba na jin yarensu, ban san addininsu ba, amma na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar mahaifinmu, har na kasa cin abinci a ranar. Waɗanda suka shirya fim ɗin nan don a ji tausayi suka yi shi. Da na mayar da sauti daidai wurin dattijuwar, sai na ji Murtala ya sa mata a baki cewa Allah ya raka taki gona.

An ba ni labarin cewa a gidan kallo, tafi aka yi, har aka sa aka maimaita wurin. Ban ce duk wanda ya tafa mugu ba ne. Da yawansu ni na koya musu a-ba-ca-da. Amma yaran nan a cikin ƙarar bindiga suka tashi, sun ga gawa a kan hanyar makaranta, zukatansu sun riga sun bushe. Irin wannan ciyawa ba a wasa da ashana kusa da ita.

4. Abin da ya biyo baya

Da farko yara ne ke bin Lawwali suna kwaikwayon kukan cikin fim. Sai aka fara jifar rumfarsa. Sai ya wayi gari ya tarar an zuba masa ƙasa a tukunyar miya. Mutumin da ya yi shekara da shekaru a tashar nan, ana zolayarsa yana ramawa, kowa ya ci ya tashi.

Ranar Alhamis yakan je kasuwar Shinkafi ya dafa wa fataken shanu. Ashe masu tura fim sun riga shi isa can. Samarin da ba su taɓa ganinsa ba suka ji direba ya kira sunansa, suka taru, ɗaya ya fizge masa ɗankwali, wani ya sauke masa gora a ka. Da ba don wani dattijon Bafulatani mai sayar da shanu ya shiga tsakani da sandarsa ba, da yanzu zaman makoki nake, ba rubutu ba. An yi masa ɗinki a goshi.

5. Tsohuwarmu

Inna ta tsufa, idonta ya tafi, amma kunnenta garau. Mun ɓoye mata komai. Wata rana da hantsi, wasu samari suka zauna a inuwar bayan katangarmu suka kunna fim ɗin da ƙarfi. Ina tsakar gida ina tankaɗe, sai na ga Inna ta rarrafo daga ɗaki ba mayafi, tana lalube, tana cewa, "Sa'a, wa ka bugun ɗana? Ku tahi ku ƙwato shi, ga ya nan shina kirana."

Na rantse mata fim ne. Ita ba ta san fim ba, sunan ɗanta ta ji da ƙarar sanda. Sai da aka kira Lawwali daga tasha, ta shafa fuskarsa, hannunta ya faɗa kan ɗinkin. Tun ranar ba ta ƙara yarda da maganata ba.

Na sami Murtala a shagonsa. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce wasa ne, kuma abin ya riga ya shiga wayoyin jama'a, ba shi da yadda zai yi. Ina fitowa, wani saurayi da ke zaune a kan babur a ƙofar shagon ya dube ni ya ce, "Malama, mun ga fim na hwarko. Na biyu mu ka shirya shi." Ba da dariya ya faɗa ba, kuma abokansa ba wanda ya kwaɓe shi.

Lawwali ya rufe rumfa ya koma Dauran, can ƙasar Zurmi, wurin goggonmu. Alhaji, ka san hanyar Zurmi, ka san abin da ke cikin dajinta. Ka auna irin tsoron da zai sa mutum ya bar cikin gari ya nufi can neman mafaka. Jiya goggo ta bugo ta ce fim ɗin ya isa Dauran, kuma an fara tambayarta ko baƙon nata shi ne.

6. Roƙona

Na ɗaya, ka umarci 'yan ƙungiyarka daga Ƙaura har Shinkafi da Zurmi su goge wannan fassara, su daina haska ta, su daina tura ta.

Na biyu, Murtala ya zauna gaban na'urar nan, da muryar nan da kowa ya sani, ya ce Delu mai tuwo, wato Lawwali, ba shi ne na cikin fim ba, bai yi wa kowa laifi ba, kuma jininsa haramun ne kamar na kowa. A manna wannan a farkon duk fim ɗin da za ku tura, har ya kai inda na farkon ya kai.

Na uku, a daina raɗa wa wanda za a kashe a fim sunan mai rai.

Babbar Sallah ta ƙarato, lokacin da gidajen kallo ke cika maƙil, samari su fito da ƙwayoyi a kai. Ban roƙe ka ka so ƙanena ba, ban roƙe ka ka yarda da halinsa ba. Hisabinsa na wurin wanda ya halicce shi. In kuwa ka ga wannan takarda ka kawar da kai har abin da nake tsoro ya faru, ba zan kai ƙarar kowa ba, ba ni da ƙarfin shari'a. Zan dai zo ofishinka, in tsaya a ƙofar baya tunda ta nan kake bi, in roƙe ka ka biyo ni kai da Murtala. Ku za ku zauna gaban Inna ku faɗa mata, domin ni ba ni da bakin da zan yi mata wannan fassarar.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana, ya shirya masa zuri'a, ya tsare shi daga ranar da zai ji sunan ɗansa a bakin masu sanda.

Wassalam.

Malama Sa'adatu,
Ƙauran Namoda.