Amsoshin da Kika Goge

Zuwa ga hasken rumfata, sanyin idanuna, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, Malamata wadda ba ta taɓa ɗaga bulala ba amma ta fi kowa iya hora ni,

Gaisuwa mai tarin yawa daga hannun da giris ya ƙi rabuwa da shi. Ki yi haƙuri da baƙin yatsan da za ki gani a gefen takardar nan. Na wanke har sau uku, amma mai gyaran keke ko kogi ya shiga sai an gane shi.

Hankalina a tashe yake, masoyiyata! Saura kwana huɗu ki zauna jarrabawar shiga kwalejin injiniya, kuma tun jiya da yayarki ta kawo mini littafin aikinki in duba, nake ta juya shafukansa. Yau har faci na manna wa taya a inda babu huji, mai keken ya tambaye ni ko lafiya.

Kin tuna ranar farko, ya furen zuciyata? Sarƙar kekenki ta zame, na kifa shi ina juya taya, kika tsaya kina kallon bawul yana hawa yana sauka. Kika ɗauki allina kika shafa masa fari. Kika ce a lissafi tsayinsa daga cibiyar taya shi ake kira sayin, nisansa gaba ko baya kuma kosayin. Na ce ni dai bawul na sani, iska nake ba shi. Wayyo, dariyar da kika yi! Ruwan farko bai taɓa sanyaya ƙasa yadda ta sanyaya ni ba. Tun daga ranar, kullum da yamma kina kan bencina kina lissafi, ni ina riƙe da shafin amsoshi na bayan littafi kamar wani babban alƙali. Ni da na tsaya a aji uku, yau na san sayin digiri talatin rabi ne, zagaye ɗaya pai biyu ne a radiyan, kuma sayin sau kansa in aka haɗa da kosayin sau kansa ɗaya ake samu, ko'ina bawul ya tsaya.

To, ni za ki yi wa wayo? Tambaya goma, tara ba daidai ba! Ke ce za ki rubuta sayin talatin ɗaya ne? Tayar da ke zagaye biyu a daƙiƙa, ke ce za ki ce gudunta pai biyu, ke da kika ja mini kunne a kan pai huɗu? Na ɗaga shafin sama a bakin rumfa, rana ta haska shi, sai ga su nan. Ƙarƙashin kowace amsa ta ƙarya akwai sawun ta gaskiya. Kin manta kina danna fensir da ƙarfi. Kin samu daidai, kin goge, kin rubuta kuskure. Faɗuwa kike koyo, rabin raina, don in saba da ita kafin ranar ta zo.

Kuma na san laifina ne. Baki shi ke yanka wuya. Makon jiya na ce idan kin tafi, wa zai tuna da wani mai faci? Wasa na ce ina yi, amma na ga yadda kika rufe littafin ba ki ƙarasa ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ba wasa ba ne, tsoro nake ji. Shekara huɗu kina kwaleji! Ina tsoron bencin nan babu ke, ina tsoron samari masu tabarau da fararen farata waɗanda ba sa buƙatar shafin amsoshi. Amma akwai tsoron da ya fi waɗannan cin raina. Wata rana mu tsufa, keke ya wuce, ki bi tayarsa da kallo, sannan ki juyo ki dube ni, in ga a idonki cewa ni ne dalilin. Yaya zan haɗiye ruwa a gidan da aka gina a kan amsoshin da kika goge?

Don girman Allah, tauraruwata, ki shiga ɗakin nan ki rubuta abin da kika sani. Na sa wa kalkuletarki sabon batir. Ki duba ko tana kan digiri ko radiyan kafin ki fara, kin san halinki da sauri. Tsohuwar tayar kekenki mai alamar alli, wadda na canza miki, na rataye ta a ƙusa, ba zan sayar ba. Ke kika koya mini cewa bawul komai nisan da ya yi sai ya komo inda ya tashi. Na yarda da ke, ko da yake gabana bai daina faɗuwa ba.

Ga fensir biyu a cikin ambulan, na fere su da kaina. Kada ki nemi magogin da ke kansu. Na sa filaya na cire.

Naki yau, naki bayan shekara huɗu, naki har ƙasa ta rufe idona,

Mai facinki.