Na Kulle Kwamfutar 'Yata a Cikin Adaka

Assalamu alaikum Anti Batulu,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Bari in fara da mutanen gida. Malam, maigidana, jikinsa lafiya, amma idon nan sai a hankali, yanzu da murya yake gane mutum. 'Yata Hassana ta sauka watan jiya, ita da jaririn ƙalau. Ɗana Abdulwahab ya warke daga zazzaɓi, ya koma shago. Tayyiba, autata, babu abin da ke mata ciwo, amma yau kwana huɗu ba ta sa hannu a kwano ɗaya da ni ba. Ni kuma jinina ya hau, na kuwa san dalili.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Sai da na aurar da 'ya'ya biyu sannan na shiga ajin manya a Ƙofar Galadima. Da hannuna nake rubuta wannan, ban sa kowa ba, sunayen ma duk na sauya su.

Tayyiba ilimin kwamfuta ta karanta. Tana aji uku a jami'a, ita da ƙawayenta biyu suka haɗa wata manhaja ta waya, wadda ɗalibi zai yi rajistar darussa da ita, ya duba sakamakonsa, ya ga jadawalin jarrabawa, ba sai ya je ya bi layi a shagon intanet ba. Makarantar ta karɓa. Da ta gama karatu aka riƙe ta aiki, shekara huɗu ke nan tana kula da ita. Duk sabon zango sai an sabunta ta, domin makaranta ba ta daina sauya tsari. Saboda ni ta saka mata Hausa da manyan haruffa. Ranar da na karanta sakamakonta a wayata da idona, ba wanda ya karanta mini, sai da na yi kuka.

To sai ta ce mini wai duk cikin aikin ta baje shi a intanet, a buɗe, kowa ya gani, wanda ya so ya ɗauka, wanda ya iya ya gyara. Wai ita ma a kan aikin waɗansu ta ɗora nata. Makarantu uku suka ɗauka da saninta. Waɗansu mutanen da ba ta taɓa gani ba suna aiko mata da gyara, har da wani daga Gana. Raina bai kwanta ba, amma na bar ta.

Watan jiya sai ga bidiyo yana yawo a waya. Wata jami'a ce a wata jiha, ba zan kama suna ba, an yi taro, an yanka kintinkiri, wani mutum ya tsaya yana cewa ma'aikatansu ne suka ƙirƙiro sabuwar manhaja tun daga tushe. Tayyiba ta buɗe ta a gabana. Anti, tata ce! Kore kawai suka mayar shuɗi, suka goge sunanta da na ƙawayenta. Ba ma sai ta faɗa mini ba. A wurin da ake jira shafi ya buɗe an rubuta "Ɗan jira, yana tafe." Ni na ba ta wannan maganar ina zaune ina ɗinki, don abin da ta fara sa wa ban gane shi ba. Maganar bakina ce a manhajar da aka ce wasu ƙwararru suka yi.

Wannan bai ishe su ba. Bayan mako biyu suka rubuto mata, ko kunya babu, wai idan ɗalibi zai ɗora hoto abin yana tsayawa. Ta zauna ta gyara! Ta ce dama matsalar ta shafi kowa, za ta saka gyaran a sabuntawar da ke tafe, su ma su samu.

Ki gane abin da ya sa zuciyata ta tafasa. Mu gidan ɗinkin hannu ne. Malam mai zanen babbar riga ne, shi yake zana aska da tambari a kan yadi, mu mata mu bi da allura. Akwai wani zanen wuya da ya fitar da kansa muna da ƙuruciya. Wani ɗan kasuwa ya sayi riga ɗaya ya tafi da ita, aka kwafe. Yau injin kwamfuta ne ke buga shi, yana wuyan kowa ranar Juma'a, kuma babu mutum ɗaya da ya san daga zauren gidanmu ya fito. Idon da Malam ya ƙarar a kan zanen nan ya tafi, sunan ma bai tsaya ba. Shi dai sace masa aka yi. Ita kuwa da hannunta take miƙawa.

Shi ne ranar Asabar, ta fita gidan Hassana, na ɗauki kwamfutarta na saka a adakata ƙarƙashin zannuwa, na kulle, na ɗaure makullin a bakin zanena. Da ta dawo ban ɓoye mata ba. Na ce ba za ta fito ba sai an mayar da sunanta.

Ta durƙusa ta yi mini bayani, ko murya ba ta ɗaga ba. Ta ce aikin ba a cikin kwamfutar yake ba, yana waje tuntuni. Abin da ke ciki wani hatimi ne da ake buga wa sabon gyara, idan babu shi wayoyin ɗalibai ba za su karɓa ba. Ta ce Litinin ta sama za a buɗe rajista, tsohuwar manhajar kuwa ba za ta yi aiki da sabon tsarin makarantarsu ba. Na ce to su ji a jikinsu. Tun daga ranar tana gaishe ni safe da yamma, tana yi mini duk aikin da na sa ta, amma ta ɗauke kwanonta.

Na kai ƙara wurin Malam ina tsammanin zai goyi bayana, tunda shi aka fara yi wa. Sai ya ce in mayar mata da kayanta. Har yake ba ni labari wai kwanaki a masallaci ya shafa wuyan rigar wani, ya ji zanensa ne amma injin ya karkatar da kusurwa ɗaya, kuma da ya san inda masu injin suke da ya aika an nuna musu daidai. Kin ji fa! Uba da 'ya, halinsu ɗaya.

Anti, ni ce mai laifi? In ci gaba da riƙewa, ko in shiga mota in je makarantar nan da kaina in tambayi mutumin ko uwarsa ce ta ce "yana tafe"? Abdulwahab ya ce zai kai ni. Don girman Allah ki ba ni amsa a fitowar Juma'ar nan, kafin Litinin ta riske mu.

Taki,
Mai ɗinkin hannu, Ƙofar Kibo, Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya,

Rubutunki ya fita sarai, ban sauya ko kalma ba. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya raya jaririn Hassana.

Fushinki yana kan hanya. Na tambayi wata da ta san irin wannan aiki, ta ce barin manhaja a buɗe ba ya nufin an yafe suna. Yawanci akwai sharaɗi a rubuce: ka ɗauka, ka gyara, amma ka bar sunayen waɗanda suka yi. Idan haka Tayyiba ta rubuta, mutanen nan sun karya sharaɗi, kuma sun yi ƙarya a bainar jama'a. Wannan ba abin shiru ba ne.

Amma Hajiya, wa kika kulle a adakar nan? Masu shuɗiyar manhaja suna da tasu a hannu, ko labarin makullinki ba su ji ba. Ranar Litinin tasu za ta buɗe. Wadda za ta ƙi buɗewa ita ce mai ɗauke da sunan 'yarki. Ɗalibai za su koma layi, cikinsu har da masu tahowa daga ƙauyuka masu nisa, kuma abin da za a faɗa a makaranta shi ne aikin Tayyiba ya lalace. Sunan da kike tsaron nan, ke za ki ɓata shi, a wurin da har yanzu ake ganin girmansa.

Sannan lamarinta ba irin na Malam ba ne. Zanen riga ba ya faɗin wanda ya zana shi. Wannan aiki kuwa, kowane gyara da aka yi yana nan a rubuce da sunan mai shi da ranar da ya yi, tun daga na farko, kuma a fili yake. Buɗewar da kike jin haushi ita ce shaidarta. Da ta ɓoye aikin aka sace, da sai dai rantsuwa.

Tayyiba ma ina da magana da ita, ki miƙa mata jaridar. 'Yata, gyaran da kika yi daidai ne, don ɗaliban can ba su yi miki komai ba. Shirun ne ba daidai ba. Ba sunanki kaɗai aka goge ba, har da na ƙawayenki da na duk wanda ya taɓa aiko da gyara, ba ki da ikon yafewa a madadinsu. Kuma uwar da ta ga abin da ya sami mijinta tana buƙatar ta ga kin tashi tsaye.

Ga abin da za ku yi. Hajiya, yau ɗin nan ki kwance makullin, ki ba ta kwamfutarta ba tare da wani sharaɗi ba, ta fitar da sabuntawar. Idan rajista ta lafa, ita da ƙawayenta su rubuta takarda ta hannun shugaban sashensu zuwa ga hukumar waccan jami'a, su haɗa da shaidar kwanakin aiki da hoton shafin nan mai maganarki, su nemi a mayar da sunaye cikin wa'adin da za su sa. Mai yiwuwa shugabannin can ba su ma san abin da aka yi ba. In an ƙi, su nemi lauya. Ba zan yi miki alkawarin za a gyara da wuri ba, amma wannan hanyar tana da inda za ta kai. Tafiyar mota kuwa a bar ta, mai gadi ne kawai zai ji faɗanki, jininki ya ƙara hawa.

Akwai kuma aikin da ke kaɗai za ki iya. Ki sayi littafi, ki zauna da Malam tun yana iya tunawa, ki rubuta kowane zane da ya fitar, da shekarar, da sunansa a ƙasa. Tayyiba ta ɗauki hotunan tsofaffin rigunan ta saka inda duniya za ta gani. Kin koyi rubutu a makare, amma bai makara ga wannan ba.

Kafin nan, ki ce ta buɗe miki jerin gyare-gyaren nan, ki sa yatsa ki karanta sunanta da kanki tun daga layin farko. In kin gama, ki zuba abinci a kwano ɗaya ki kira ta.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya ba ki lafiya, ya yi wa zuri'arki albarka.

Anti Batulu