Wayar da Ta Dawo da Muryarka

Malam,

Bayan gaisuwa irin wadda aka saba, na san wannan takarda ba mai kai maka ita. Ko da ma an kai, tabaranka yana nan cikin akwati, da me za ka karanta?

Gida lafiya. Katangar bayan ɗaki ta sake tsagewa, an yaɓe. Labarin da ya sa na ɗauki biro shi ne na kwamfutarka, wadda kake buga wa mutanen unguwarmu Kabara katin aure da ita. Allonta ya mutu wata biyu bayanka. Ummi jikarka, wadda take aikin asibiti yanzu, ta sayo sabo mai lasifika a jikinsa. Ta zo da wayoyi biyu na haɗawa, ta ce in zaɓa, tunda ni ce mai kallo.

Ɗaya irin taka ce, mai shuɗin kai da kusoshi biyu da ake murɗawa. Hoto kawai take kawowa, shi ma da ɗan dishi-dishi. Ɗayar siririya ce, bakinta a baje, wai HDMI. Ita hoto tar take kawowa, har da magana.

Shuɗiyar na zaɓa. Na ce wa Ummi shekara arba'in da uku ina roƙon ka yi shiru, yanzu da na samu ba zan mayar ba. Ta yi dariya ta murɗa kusoshin. Ƙarya na yi mata. Akwai bidiyon nan na ranar sunan ƙaninta, inda kake zaune a zaure da farantin waina a gabanka, ka waiwaya wajen ƙofar cikin gida ka faɗi wata magana, maza suka bushe da dariya. Na tabbata da ni kake. In ba'a ce mai ciwo, wa zan rama wa? Wata huɗu ina kallon bakinka yana motsi.

Ran Juma'a na ce wa Ummi ta canja wayar. Sabuwar ba ta da kunya, Malam. Ta fito da goron da ke haƙoranka da zaren da ya warware a hularka. Sannan muryarka ta fito. Ashe cewa ka yi duk Kabara ba mai waina irin tawa, amma kada wanda ya gaya mini, kaina zai kumbura.

To, an gaya mini. Me ya hana ka faɗa da kanka? Bakin ciwo yake?

Ni ma ga tawa. Wainar ranar nan ba ni na yi ba. Ƙulluna bai tashi ba, na aika unguwar Jakara aka sayo, na juye a farantinmu. Ka ci bakwai, ina leƙenka ta labule. Yabon dai na karɓa, tunda wainar sauran shekarun daga hannuna ta fito.

Siririyar na bari a jiki. Shuɗiyar tana akwati kusa da tabaranka, saboda ranar da surutunka zai ishe ni. Har yau ban ɗauko ta ba.

Allah ya kai haske kabarinka, ya sada mu da alheri.

Taka,
mai wainar Kabara, in ji ka.