Tsoffin Jaridun Saman Kabad

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da kuma ƙafar nan taki mai ciwo. Na zaɓi takarda ne saboda in na yi waya a gidan nan Baba yana jin komai.

Jikinsa da sauƙi, amma bakin yana nan yadda kika bar shi. Tun da ɓarin jikin ya shanye bai ce uffan ba. Likita ta ce harshen bai mutu ba, kunyar yadda maganar za ta fito ce ta riƙe shi, kuma in aka daɗe a haka zai iya rasa ta gaba ɗaya. Shi ya sa yake ture wayar in kin kira. Kada ki ɗauka fushi yake da ke.

Shekaranjiya takardar naɗe gilashi ta ƙare mana a shago, sai na sauko da ƙunshin jaridunsa na saman kabad. Kin tuna wasan cike gurbin nan na bayan jarida, wanda kike fere masa fensir yana yi? Duk ya cike su, ban da ƙunshi ɗaya na shekarar da Inna ta kwanta jinya. Waɗannan ko ɗigo bai sa musu ba. Na kasa naɗe gilashi da su, na mayar da su ɗaki.

Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, ki zauna kafin ki karanta wannan.

Kwanakin nan in na taso daga aiki nakan jawo kujera gefen gadon Baba in karanta tambayoyin jaridun nan da bai cike ba a fili, don ɗakin ya daina yin tsit. Kin san karatuna, sai na bi da yatsa. Shi kuwa fuskarsa na bango. Aka zo kan tsuntsun da ya fi kowane girma a duniya, gida shida, wato harafi shida. Na ce mikiya, na ƙirga, ta shiga daram, na rubuta abina. Sai na ga yatsansa na hagu yana bugun katifa, irin bugun da yake yi wa tebur lokacin da yake aiki a gidan waya in layin jama'a ya karkace. Ban kula shi ba, don ni da gaske na ɗauka na ci. Can sai na ji wata murya kamar ana jan ƙofar da ta yi tsatsa.

"Jimina."

Yaya, fensirin ya faɗi. Na sunkuya nema, na daɗe a ƙarƙashin gadon nan fiye da yadda neman fensir yake buƙata.

Na lura da abu ɗaya. In na faɗi daidai, ko motsi ba ya yi. In na roƙe shi amsa, sai ya rufe ido. Kuskure ne kawai ba ya iya haƙuri da shi. Don haka yanzu kullum sai na ɓata biyu ko uku da gangan. Kawu ya zo ya tarar da mu, ya ce in bar bawan Allah ya huta, tsoffin jaridu me za su yi masa. Na ce to, ya tafi, na ci gaba.

Wasu tambayoyin ma ba sai na yi ƙarya ba. An tambayi ginin da ya fi tsawo a duniya, maigidana a shago ya duba a wayarsa yana taƙama, amsar ta ƙi shiga gidajen. Ashe tun bayan buga jaridar an yi wasu gine-ginen sun wuce shi. Duniyar da ke cikin takardun nan Baba kaɗai ya san hanyarta, kuma na ga ya gane haka, don ranar har gemu ya shafa.

Naki,
Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, ina yi wa yara ya makaranta. Na ga saƙonki. Ki daina kuka, ki ajiye hawayen sai kin ji sauran.

Asirina ya tonu. Jiya aka tambayi dabbar da ta fi girma a tudu, gida huɗu, na ɗaure fuska na ce zaki. Ya juyo ya ƙare mini kallo. Na ce a raina shi ke nan, zai ga na mayar da shi yaro ya koma bango. Sai ya ce, a hankali, kalma na bin kalma kamar masu hawa tudu:

"Giwa. Kuma ka sani, ja'iri."

Rabin bakinsa ya yi dariya. Ya sa hannun hagu ya turo mini na dama, wanda ya shanye, na sa masa fensir na riƙe masa wuyan hannun. Giwar ta fita daga gidajenta ta shiga na maƙwabta, amma rubutunsa ne.

Da muka zo ta ƙarshe a shafin sai ya dafe takardar, ya ce a bar wa Uwata. Rabon da in ji ya kira ki haka tun kafin ciwon. Na tambaye shi ko in kin kira zai karɓa, ya ɗaga kai.

Ga tambayar: ƙarfe mai ruwan ɗorawa da ba ya tsatsa, gida shida. Na san kin sani tun kafin ki gama karantawa. Ki kira da yamma bayan ya ci abinci, lokacin bakinsa ya fi sakewa. In ya ɗauka kada ki tambaye shi jiki, kada ki yi kuka. Ki ce azurfa, ki yi shiru, ki jira.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Auta