Ranar da Aka Auna Gidan Lado

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga ƙanwarka Bara'atu a Wagini zuwa ga Yaya Hashimu a Runka. Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina fata kana lafiya, da Yaya Turai da yara. Yaya ƙafar nan taka da sanyin bana?

Bayan haka, Yaya, sai da na ga igiya ta miƙe tsakanin ɗakina da kabarin Saude sannan na gane abin da ya same ni. Ina tsaye da ƙwaryar fura zan miƙa wa shaidu. Ɗakina na wannan gefe, ɗiyata na wancan. Ban san sa'ad da na zauna a ƙasa ba.

Bari in ɗauko maka daga farko. Da na fita takabar Lado, Allah ya jiƙansa, ƙanensa Armaya'u ya nemi a raba gado. Ban ga laifinsa ba, haƙƙinsa ne. Mai gari ya ce ba ya raba gidan da bai san iyakarsa ba. Ni da na ɗauka sabon fili ake aunawa, ko wanda za a sayar, ko inda aka yi faɗa. Ban san mutuwa ma tana sa a zo da igiya ba.

Awon ba kyauta ba ne. Akuya ta mai gari, kuɗin wuri zambar ɗaya, wato dubu, na mai igiyar awo, goro da fura na dattawan da za su shaida. Armaya'u ya kawo kuɗin, ni na ba da jar akuyata.

Suka tono duwatsun da mahaifin Lado ya binne da gawayi a kusurwoyin gida. Na gabas suna nan inda kowa ke zato. Na yamma, wajen maƙwabcinmu Manu Bafillace, a cikin gida aka same su, dab da bayan ɗakina. Ka tuna can muka sa Saude shekarar ƙyanda, da hannunka ka kifa fasasshen tulu a kai. To, wurin na Manu ne.

Ka sa ni a addu'a. Wassalamu.
Bara'atu.

Da sunan Allah.

Zuwa ga Yaya Hashimu, gaisuwa da fatan alheri gare ka da mutanen gida. Saƙonka ya iso ta hannun mai jakin gishiri, da daddawar Yaya Turai. Allah ya saka.

Ka tambaya ko Lado ya ci iyakar mutane ne. Wallahi bai ci ba, Yaya, kada ka riƙe shi da haka. Duk kaka in zai sabunta danga ba ya tuge tsohuwa tukuna, don kada a gan ni daga waje ina aiki. Sai ya kafa sabuwa a bayanta, ya ɗaure, sannan ya ciro tsohon karan ya tara mini na girki. Kowace shekara danga tana matsawa tafin hannu. Lokacin kuwa su Manu sun tafi kudu da shanu, in sun dawo danga suke gani kamar kullum.

Manu ya zo da kansa ya tsaya bayan zana, yana tari. Ya ce shekara nawa yana jingina da dangar nan, bai taɓa jin tana tafiya ba. Matarsa Asta ta ce ai Lado ya fi su iya kiwo, su shanu suke korawa, shi danga. Na yi dariya, daga nan kuka ya ƙwace mini, ta riƙe ni har na yi shiru.

Sai dai babban ɗansu Uwaisu ya riga ya ce a nan zai kafa turken maruƙa. Ba mugun yaro ba ne, gidansu ya yi musu kaɗan, kuma yana jariri Saude ta rasu. Amma in na tuna kofato a kan Saude, abinci ba ya shiga.

Ka gaida kowa. Ƙanwarka,
Bara'atu.

Da sunan Allah.

Yaya Hashimu, ina gaishe ka gaisuwar girma, ina tambayar lafiyarka da ta iyali.

Manu ya ce ya bar mini wurin kabarin da kamu biyu kewaye da shi, sauran Uwaisu ya ɗauka. Na yi godiya har murya ta dushe. Amma mai gari ya ce magana ce tsakanin tsofaffi biyu, ranar da ba mu, 'ya'ya ba za su san ta ba. Sai an sake jan igiya, a binne sababbin duwatsu gaban shaidu, kuma namiji daga gidanmu ya tsaya mini, tunda Armaya'u yana da rabo a gidan.

Mai igiya ya ce a wannan karon fura ta ishe shi. Akuyar mai gari ce ba ta faɗuwa, ni kuwa ba ni da wata. In kana da ko ƙarama ce, ka taho da ita.

Su Manu za su tashi da shanu da ganin sabon wata, kuma tarin nasa ba ya yi mini daɗin ji. An tuge tsohuwar danga, ba a kafa sabuwa ba. Na kewaye wurin da ƙaya, ina zama a gefensa da kaɗina ina korar dabbobi. Sababbin duwatsun na tsinto su, suna nan a bakin ƙofa, ba a binne su ba tukuna. Kai ake jira.

Allah ya kawo ka lafiya. Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Bara'atu.